Wasiƙa daga Mancesta: shekara 17 ina tuƙi, sai ga ni na faɗi jarrabawar alamomin hanya

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya kuma fama da kuɗin fetur. Mu nan sanyi ya fara shigowa, ƙarfe huɗu na yamma gari ya soma duhu, amma alhamdu lillahi.

Tun da na zo Ingila wasu daga cikinku ke tambayata a WhatsApp ko na sayi mota. Nakan ce "ana nan ana shiri" in kashe maganar. To yau zan faɗi gaskiya: ban saya ba, domin ba ni da lasin. Kuma jarrabawar farko da na shiga don nemansa, faɗuwa na yi warwas.

Duk wanda ya san ni ya san ba jiya na kama sitiyari ba. Shekara 17 na yi ina tuƙi. Na bi Kano zuwa Kaduna tun hanyar na cike da ramuka, na shiga Sabon Gari da Kantin Kwari ana gobe Salla na fito ko ƙwarzane babu a jikin motata. Lasina na farko kuwa, hoto biyu da kuɗi na ba wani mutum a unguwarmu, bayan 'yan makonni ya kawo mini har gida. Babu wanda ya taɓa nuna mini allo ya ce mene ne wannan. Na san da yawanku haka kuka samu naku, kada ma wani ya yi mini tsaki.

A nan dokar ita ce, baƙo zai iya tuƙi da lasin ƙasarsu na wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasa. Bayan haka, akwai ƙasashen da ake musanya lasinsu da na Birtaniya, amma Nijeriya ba ta ciki. Sai ka koma ɗan koyo: ka nemi lasin wucin gadi a kan fam 34 ta intanet, ka manna jan harafin L gaba da baya, kuma ba ka fita sai da wani a gefenka wanda ya kai shekara 21 ya kuma yi shekara 3 da lasinsa. Kafin a bar ka ka yi gwajin tuƙi a titi, sai ka ci jarrabawar kwamfuta tukuna. Kuɗinta fam 23. Tambaya 50 ce cikin minti 57, ana son ka ci 43. Da Turanci ake yi ko harshen Wels, wani yanki na Birtaniya, tun 2014 aka daina yarda da tafinta.

Uwargida ta sayo mini littafin dokokin hanya, wanda suke kira Highway Code, aka fara buga shi tun 1931. Na buɗe, na ga hotunan alluna, na ajiye shi a kan firji. Ni da na koya wa ƙannena uku mota? Girman kai rawanin tsiya. Ranar jarrabawa aka karɓe wayata da agogona aka kulle a akwati, na zauna gaban kwamfuta tsakanin wasu yara biyu da na haife su. Na fito da 38.

Allon da ya fara kunyata ni farin da'ira ne da baƙin layi ya ratsa shi a karkace. Na rantse da na gan shi cewa na yi an hana shiga. Ashe nufinsa daga nan iyakar gudu ta ƙasa baki ɗaya ce ke aiki, kuma ba za a rubuta maka lambar ba, kai ake so ka sani: mil 60 a awa ga ƙaramar mota a titi mai hannu biyu da ba a raba ba, mil 70 a tagwayen hanya da babbar hanya. Cikin gari kuwa, ko babu allo, da ka ga fitilun kan titi a jere mil 30 ne, sai a Wels da suka mayar da shi 20 a 2023. Akwai wani kuma, jan zobe ne kawai, cikinsa fari fat babu komai. Na zaci sun manta ba su yi zanen ba. Wannan shi ne wanda ya hana kowane abin hawa wucewa.

Bayan na huce, 'yata mai shekara 9 ce ta zama malamata. Takan rufe rubutun da tafin hannu ta bar hoton ta ce, "Abba, wannan fa?" In na kuskure ta yi dariya har da faɗuwa kan kujera, uwarta ta leƙo daga kicin ta ce a yi wa Abba a hankali. A wannan zaman ne na gane cewa ba haddar ɗaruruwan hotuna ake bukata ba, abin yana da nahawunsa kamar kowane harshe. Da'ira umarni take bayarwa: mai jan baki hani ne, shuɗiya kuma cewa take ga abin da za ka yi, bi hagu, ko kada gudunka ya gaza kaza. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, akwai kwana, akwai makaranta, hanya za ta tsuke. Mai kusurwa huɗu labari yake ba ka. Biyu ne suka fita daban, allon tsayawa mai kusurwa takwas, da na ba da hannu wanda aka kifa kansa ƙasa, kuma da gangan aka bambanta su, domin ko ƙanƙara ta lulluɓe rubutun ka gane su da siffarsu. Wasu masu zane biyu, Jock Kinneir da Margaret Calvert, su suka tsara allunan, aka fara aiki da su a 1965. Har yau yaran nan biyu da ke riƙe da hannun juna a allon makaranta zanen matar ne.

Abin da ya fi ba ni wuya ba allunan ba ne, ɗabi'un da suka zauna mini a hannu ne. Ɗauki fitila. A hanyar Zariya in na ƙyalla wa mutum fitila, cewa nake ina tafe, kada ka kuskura ka shigo. A nan mutane sun saba in an ƙyalla maka, ana nufin bismilla, wuce. Littafin kuma ya ce duk biyun kuskure ne, fitila ba ta nufin komai sai "ga ni nan", kuma kada ka shiga hanya don wani ya haska maka sai ka duba da idonka. Hon ma haka. Mu da hon muke gaisawa, da shi muke zagi, da shi muke kiran maigadi ya buɗe ƙofa. A nan an hana danna shi in mota na tsaye sai in akwai haɗari, an kuma hana shi cikin unguwa daga 11.30 na dare zuwa 7 na safe. Na yi wata guda a layinmu kafin in ji hon sau ɗaya, har na leƙa taga in ga ko lafiya.

Shataletale kuwa sai na juya ƙwaƙwalwata gaba ɗaya, tunda su ta hagu suke tuƙi, mai zuwa daga dama ake ba hannu. Dattawanmu ba za su yi mamaki ba, mu ma haka muke kafin Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilun 1972. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda direbobin lori suka riƙa ruɗewa a makonnin farko.

Sashe na biyu na jarrabawar shi ne ya fi ba ni dariya yanzu, ko da yake a ranar ban yi dariya ba. Ana nuna maka gajerun bidiyo 14 kamar kana zaune a kujerar direba, da ka hango haɗari na tasowa sai ka danna. Maki 75 ne, ana son 44, kuma dole ka ci sassan biyu a zama ɗaya. To ni direban Kano ne. A idona duk motar da ke fake za a iya buɗe ƙofarta, duk lungu ɗan Adaidaita na iya faɗowa daga ciki, duk yaro a bakin titi ƙwallo zai bi. Sai na riƙa dannawa kamar mai jan carbi. Kwamfutar ta ɗauka maguɗi nake, ta ba ni sifiri a bidiyo uku. Su ba duk abin da zai iya faruwa suke tambaya ba, wanda ya fara faruwa suke so, wanda zai sa ka taka burki ko ka kauce. A nan kam ina da ja. Idon da titinmu ya ba mu ido ne na gaske, kuma ban ga Baturen da zai fitar da mota daga Kofar Wambai da azahar ba. Sai dai wannan idon fuskar direbobi da motsin tayoyi yake karantawa, bai taɓa koyon karanta hanyar kanta ba.

Akwai lissafi guda da nake so kowane mai mota a gida ya riƙe, ko ba zai taɓa zuwa Ingila ba, don kwalta ba ta san ƙasa ba. A gudun mil 30, kusan kilomita 48 ke nan, daga lokacin da ka ga abu zuwa lokacin da mota ta tsaya cak, mita 23 ne, tsawon mota shida. A mil 70, wajen kilomita 112, mita 96 ne, kusan tsawon filin ƙwallo. In an yi ruwa ka ninka biyu. Da na haddace wannan sai na tuna yadda nake manne wa bayan tirela a Kwanar Ɗangora ina jiran in sha gabanta, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, ga iyali a baya. Allah ne kawai ya tsare.

Mu ma muna da littafin dokokin hanya, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana da nata, kuma yawancin siffofin allunan iri ɗaya ne da na nan. Na roƙi ƙanena da ke shirin fara tuƙa motar gidanmu ya nemo shi ya karanta kafin in yarda a ba shi makulli. Ya ce, "Yaya, kai da ka tafi Turai shi ke nan ka zama ɗan boko." Na tura masa hoton jan zoben nan marar komai a ciki na ce ya faɗa mini ma'anarsa. Kwana huɗu ke nan bai ba ni amsa ba.

Na koma jarrabawar bayan mako shida, na sake biyan fam 23, na samu 47 a tambayoyi da 58 a bidiyo. Takardar shekara 2 take aiki, in ban ci gwajin titi a cikinsu ba sai in koma farko. Shi kuma fam 62 ne a ranakun aiki, kuma layin masu jira dogo ne, ranar da na samu tana can gaba da watanni. Kafin nan ina fita da wani dattijo ɗan asalin Fakistan mai koyar da tuƙi, wanda ke da nasa burkin a gefensa. Babban faɗanmu da shi madubi ne. Ya ce ina dubawa da wutsiyar ido, mai jarrabawa kuma sai ya ga kaina ya motsa kafin ya yarda na duba.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Mancesta