Mai jan tawagar kashe wutar daji, a karɓe adda daga hannunshi

Duk wanda zai ja mutane zuwa bakin wutar daji, abu na farko da ya kamata a karɓe daga hannunshi shi ne adda. Na san maganar za ta ba wasu mamaki, musamman mu 'yan zango da muka saba cewa shugaba shi ne wanda ya fi kowa shiga gaba, amma wannan ne babban abun da aiki a gonar itacen tik can ɓangaren Offinso a Ghana ya koya mun. Mutumin da ya sunkuya yana sara ko yana bugun wuta da ɗanyen ganye idonshi na ƙasa, ba ya ganin hayaƙi ya canza hanya, ba ya jin iska ta juyo bayan wuyanshi, kuma bai san yaro ɗaya ya ɓace mashi a cikin ciyawa ba.

A Ghana wutar daji ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi har yau suna ba da labarin 1983, shekarar da fari da wutar daji suka cinye gonakin koko da na abinci, yunwa ta shigo gari. Bayan nan ne a 1990 aka yi dokar PNDCL 229, wadda ta ce garuruwa da ƙauyuka su kafa 'yan sa kai na kashe wuta, faya sabis su koya masu aiki. Doka ce mai kyau wallahi. Matsalar ita ce a ƙauyuka da yawa idan an zo zaɓen wanda zai jagoranci tawaga, sai a duba wa ya fi shekaru, ko wa ya fi ƙarfi, ko ɗan gidan wa ne, ba wanda zai tambaya shin mutumin nan ya iya karanta wuta?

Karanta wuta kuwa ilimi ne da ake koyo. Abu uku ke tuƙa ta, abun da take ci da yanayin iska da yadda ƙasa ta kwanta. Busasshen ganyen tik a ƙasa daban yake ci, ciyawar acampon da ta bushe a hunturu daban, ita wannan in ta kama sai ka ga harshen wuta ya wuce tsayin mutum nan take. Wutar da ka samu da asuba tana rarrafe ba ita ba ce za ka samu bayan azahar lokacin da rana ta gasa komai iska ta tashi. Kuma tana gudu in tana hawan tudu, masu binciken abun a Ostareliya sun ce kusan ninki biyu take ƙarawa a kowane digiri 10 na gangara, shi ya sa tsayar da mutane a saman tudu wuta na ƙasansu ganganci ne komai jarumtarsu.

A horon da muka yi an ba mu labarin Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, 1949, inda mutum 13 suka mutu. Shugabansu Wagner Dodge da ya ga wuta za ta cim masu a kan tudu, sai ya kunna tashi wutar a ciyawar gabanshi ya kwanta cikin tokar, yana kiran yaranshi su shigo, suka ƙi, suka ci gaba da gudu. Shi ya tsira. Abun da ya tsaya mun a rai shi ne dabarar tashi daidai ce, amma yaran ba su taɓa ganin irinta ba kuma ba su san shi sosai ba balle su yarda da shi a wannan lokacin. To ka ga ko shugaba ya iya, in bai taɓa yin atisaye da mutanenshi ba, ranar da ake buƙata muryarshi ba za ta yi aiki ba.

Su can Amurka yanzu ba a ba mutum jagoranci don ya zauna a aji kawai. Akwai littafin ayyuka da zai riƙe, sai wani gwani ya gan shi da ido yana yin kowane aiki a wurin wuta ta gaske ya sa hannu. Akwai gwajin jiki, ka goya kaya kusan kilo 20 ka yi tafiyar mil 3 cikin minti 45. Kuma mutum ɗaya ba ya lura da fiye da mutum 7 kai tsaye, an fi son 5. Mu nan sai ka ga mutum ɗaya da usur yana ƙoƙarin juya rabin ƙauye. Ban ce mu kwafo komai nasu ba, ba mu da jirage ba mu da kayansu, amma sa ido a tabbatar mutum ya iya kafin a ba shi rayukan 'ya'yan mutane ai ba ya cin kuɗi.

Ni dai yanzu kafin kowa ya ɗaga adda sai na ji amsar abu huɗu, wa zai tsaya can nesa yana duba mana wutar, da me zai sanar da mu in waya ba netwok, ta ina za mu fita, ina za mu taru. Mafi yawan lokaci wurin da ya riga ya ƙone shi ne mafaka, don haka daga nan muke farawa mu bi gefen wutar, ba ma tarar kanta. Ina ƙirga mutane da suna kafin mu shiga da bayan mun fito. Wanda ya zo da silifas ko rigar ƙwallo ta roba yakan ji haushina, don ina mai da shi ɗebo ruwa ne, robar nan narkewa take ta manne a fata. Akwai wani dattijo da ya girme ni nesa, na ce mashi Baba don Allah ka tsaya mana a kan tudun can nesa da wutar ka zama idonmu, ba wanda ya kai ka sanin iskar wurin nan, ya yarda, kuma shi ne ya hango wuta ta tsallake layin da muka share tun kafin mu da ke ƙasa mu ji ƙararta.