Abin da na koya a bakin ƙanƙara wajen zaƙulo wa Jamus matasan 'yan hoki

Ranar Asabar ta farko da aka tura ni kallon wasa ni kaɗai, na isa zauren ƙanƙara na wani ƙaramin gari a kudancin jihar Bavariya da ƙarfe bakwai da rabi na safe, gari bai gama wayewa ba, na tarar iyaye sun riga ni zuwa, kowa da kofin gahawa a hannu, yara kuma suna jan jakunkunan kaya da suka kusa kai su tsawo. Aikina a ranar shi ne in zauna can sama, in kalli yara 'yan shekara 14 da 15 suna wasa, in rubuta rahoto a kan huɗu daga cikinsu. Rahoton zai je hannun kocin yanki, kuma idan yaro ya cancanta, sunansa zai shiga jerin waɗanda ake gayyata gwajin tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 16. Karatun kimiyyar motsa jiki ne ya kawo ni Jamus, kuma ta hanyar auna ƙarfi da gudun matasa a wani kulob na shiga wannan harka, har wani dattijon koci da ya shekara fiye da 30 a cikinta ya ɗauke ni mataimakinsa. Kakar wasa shida na yi ina wannan aiki.

Ga wanda bai saba da wasan ba, hoki na kan ƙanƙara ana yin sa ne a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30 a yawancin zaurukan Turai, kewaye da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga, suna zamiya da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda. Zango uku ake yi, kowane minti 20, amma ɗan wasa ba ya wuce daƙiƙa 40 zuwa 50 a zubi ɗaya kafin ya koma benci wani ya canje shi, domin gudun ya fi ƙarfin numfashi. Wannan shi ne ya sa aikin mai zaƙulowa yake da wuya: yaron da ka yi tafiyar awa biyu don ka gani, faifan ba zai zauna a sandarsa ba sai na ɗan lokaci ƙalilan a duk tsawon wasan.

Kuskurena na farko daga nan ya taso. A wannan wasa akwai wani ɗan gaba dogo mai faɗin kafaɗa wanda ya ci ƙwallo uku, yana ture yara kamar iska tana kaɗa kara, kuma shi na ba maki mafi yawa. Akwai kuma wani ɗan baya siriri wanda kwalkwalinsa ya yi masa yawa, na rubuta a kansa cewa ba shi da jiki, ana ƙwace masa faifai a kusurwa, bai kai a gayyace shi ba. Dattijon ya karanta rahoton bai ce komai ba, sai bayan mako biyu ya ɗauke ni a motarsa muka koma kallon ƙungiyar. Da aka fara wasa sai ya ce mini: "Yau kada idonka ya bi faifan. Ka zaɓi yaro ɗaya, ka bi shi daga fitowarsa har komawarsa benci, ka ƙirga mini sau nawa ya waiwaya kafin faifan ya iso gare shi."

Na bi siririn nan. Duk lokacin da aka jefa faifan bayan ragarsu ya juya zai ɗauko, sai ya waiwaya ta kafaɗar hagu, ya sake waiwayawa ta dama, tun kafin ya isa katanga ya riga ya san inda mai bin sa yake da inda abokinsa yake, sai ya karkata ƙugu kamar zai bi ta nan, ya murɗa kaifin takalminsa ya fita ta can, ya miƙa faifan daidai kan sandar abokin wasansa. Na ƙirga irin wannan sau tara a zango biyu, sau ɗaya kawai ya ɓata. Dogon kuwa, da na bi shi a zango na uku, sai na ga kansa a sunkuye yake idan faifan yana wurinsa, idan kuma ba ya wurinsa sai ya tsaya ƙafafu a miƙe yana jira. Da muka fito dattijon ya nuna mini takardar sunayen 'yan wasa ya ɗora yatsa a kan ranakun haihuwa. An haifi dogon a watan Janairu, siririn a watan Nuwamba na shekara ɗaya.

A hoki ana raba yara ne bisa shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, abin da Jamusawa suke kira Jahrgang, kuma da wannan kalma kociyoyi suke magana kullum. Tazarar wata goma ba komai ba ce tsakanin manya, amma a shekara 14, lokacin da wani ya riga ya balaga wani kuma muryarsa ba ta ma buɗe ba, tana iya zama bambancin kilo goma sha da tsawon taki guda. Masu bincike sun daɗe da lura, tun daga Kanada, cewa waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a zaɓaɓɓun ƙungiyoyin matasa. Na san wannan a littafi tun ina jami'a, amma sanin bai hana idona ruɗuwa ba, domin ƙarfi abu ne da ake gani nan take, basira kuwa sai an neme ta. Tun daga ranar nake rubuta watan haihuwar yaro a saman rahoto kafin in rubuta ko da kalma ɗaya a kan wasansa, kuma ina tambayar kocinsa ko ya yi tsawon da ake yi na balaga ko tukuna.

Abin da ban fahimta ba sai daga baya shi ne, dogon ma mun cuce shi, ni da duk wanda ya yaba masa. Shekara biyu yana cin ƙwallo da ƙarfin kafaɗa, babu wanda ya matsa masa ya ɗaga kai ko ya gyara juyinsa ta hagu, saboda ana cin wasa da shi. Da ya kai shekara 16 sa'o'insa suka kamo shi a jiki, sai ya rasa abin da zai dogara da shi, na ga yaron da a da yake shiga fili da fara'a ya koma yana dukan katanga da sanda don takaici. Har yau abin yana damuna, domin yaro ne mai ƙwazo da ladabi, kuma da rahotona na farko ya faɗi gaskiyar raunin da ke tattare da shi, da wataƙila an gyara tun da sauran lokaci. Siririn kuma an gayyace shi gwaji a shekarar da ta biyo baya.

Dalilin da ya sa irin wannan kuskure yake da tsada a Jamus shi ne ƙarancin 'yan wasa. Ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 80, amma 'yan hoki masu rajista sun ɗan haura dubu 20 ne kawai, alhali Kanada tana da fiye da rabin miliyan, Finlan ma da ba ta kai mutum miliyan 6 ba ta fi Jamus yawan 'yan wasa nesa ba kusa ba. Ƙwallon ƙafa ya kwashe yawancin yara. Wasan ya fi kafuwa a wasu 'yan wurare: garuruwan Bavariya irin su Füssen, Bad Tölz, Landshut, Rosenheim, Kaufbeuren da Garmisch-Partenkirchen, sai yankin Kolon da Krefeld da Düsseldorf a yamma, sai Mannheim, sai gabas inda a zamanin Jamus ta Gabas aka shekara kusan 20 ƙungiyoyi biyu kacal, ta Weißwasser da ta Dynamo a babban birni, Berlin ta Gabas, suke buga gasar ƙasa tsakaninsu. Yaron da aka haifa nesa da zauren ƙanƙara, ko wanda iyayensa ba su da halin sayen takalmi da sanduna da kayan kariya da yake fin ƙarfinsu duk bayan shekara ɗaya ko biyu, ba zai taɓa zuwa gaban mai zaƙulowa ba. Saboda haka idan na ga yaro yana zamiya da kyau, nakan tambayi awa nawa kulob ɗinsa yake samun ƙanƙara a mako, domin wanda yake horo sau biyu ya kai wannan matsayi ya fi ba ni fata a kan wanda yake horo sau biyar.

Hukumar hoki ta ƙasa, DEB, wadda aka kafa a 1963, ta san da wannan matsala. An fara gasar matasa ta ƙasa, DNL, a shekarar 2000, kuma bayan Franz Reindl ya zama shugaban hukumar a 2014 aka fito da shirin Powerplay 26, da burin Jamus ta kai matsayin neman lambobin yabo a kai a kai zuwa 2026, tare da tsarin taurari biyar da ake auna kulob da shi a kan yadda yake renon yara. Lambar azurfa ta zo tun kafin lokacin, a gasar Olamfik ta Pyeongchang a 2018, ƙarƙashin koci Marco Sturm, inda Jamus take gaba da ci 3 da 2 har saura ƙasa da minti ɗaya, kafin 'yan wasan Rasha su farke su ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. Da asuba muka kalli wasan a Jamus, kuma a watannin da suka biyo baya na ga sababbin ƙananan yara a makarantar koyon zamiya ta kulob ɗinmu fiye da yadda na saba gani.

A cibiyar horo ta ƙasa da ke Füssen, a gindin tsaunukan Alps, ake yawan tara matasan da aka gayyata. Can ne ake gane gaskiyar rahoton da mutum ya rubuta, domin yaron da ya saba zama sarki a garinsu zai tarar kowa sarki ne a nasu garin, lokacin da yake da shi na yanke shawara kuma ya ragu da rabi. Na koyi in kalli abin da yake faruwa a rana ta uku, lokacin da ƙafafu suka yi nauyi, da kuma yadda yaro yake karɓar gyara, ko ya gwada abin da aka ce masa a zubi na gaba ko ya koma ga abin da ya saba. Haka nan na ɗora wa kaina doka cewa ba zan yanke hukunci a kan kowane yaro ba sai na gan shi aƙalla sau uku, ɗaya daga ciki a wasan da ake lallasa ƙungiyarsa, tunda ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ake cin su 6 da 1 amma yana dawowa da gudu ya taya 'yan baya, wannan na san abin da zai yi ranar da ya haɗu da Siwidin ko Finlan.

Irin wannan hali ne aka gani a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Edmonton ta Kanada a ƙarshen 2020 da farkon 2021. Cutar korona ta killace da yawa daga tawagar Jamus, suka fara gasar da 'yan wasa 14 kacal ban da masu tsaron raga, Kanada ta ci su 16 da 2, amma suka dawo suka doke Sulobakiya da Siwizalan, suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe karo na farko, inda Rasha ta fitar da su da ci 2 da 1. Tim Stützle da John-Jason Peterka ne suka ja ragamar tawagar.

Sashen aikin da ya fi mini nauyi shi ne zama da iyaye. Kowane uba ya san labarin Leon Draisaitl, ɗan Kolon da ya bi ta makarantar matasa ta Jungadler Mannheim, ya tafi Kanada a 2012, ƙungiyar Edmonton Oilers ta zaɓe shi na uku a 2014 a zaɓen matasa da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka, suke yi duk shekara, ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2020. Sun san Moritz Seider da ya taso a Erfurt ya koma Mannheim yana yaro, ƙungiyar Detroit ta zaɓe shi na shida a irin wannan zaɓe a 2019. Don haka da zarar an gayyaci ɗansu gwaji sau ɗaya sai su fara tambaya ko su tura shi makarantar kwana ta babban kulob. Ba ni da amsa guda ga kowa. Na ga yaron da tafiyar ta buɗe masa ƙofa, na kuma ga wanda ya bar gida yana shekara 14, ya koma zaman benci a babbar ƙungiya, karatunsa ya lalace, kewar gida ta cinye shi. Abin da nake gaya musu shi ne su tambayi minti nawa zai riƙa bugawa, wa zai kula da karatunsa, kuma shi yaron ne yake son tafiyar ko su ne suke so. Nakan kuma tuna wa iyayen ƙananan yara masu jinkirin girma cewa Draisaitl ɗin da suke ambato a ƙarshen Oktoba aka haife shi.

A kakata ta ƙarshe an ɗora mini kiran wani uba in sanar da shi cewa ɗansa, mai tsaron baya da aka haifa a Disamba, bai shiga jerin waɗanda za su je sansanin bazara ba. Mutumin direban babbar mota ne, shi yake kai yaron horo tafiyar kilomita 50 sau uku a mako. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko ƙofa ta rufe ke nan. Na ce masa ba ta rufe ba, na karanta masa abin da na rubuta a kan waiwayen yaron da miƙa faifansa na farko, na kuma faɗa masa abu biyu da zai yi aiki a kansu kafin sanyi ya dawo, wato zamiya da baya da ƙarfin ƙugu. Ya ce in dakata ya ɗauko biro. Bayan mun gama na buɗe littafina na rubuta sunan garinsu a shafin Asabar ta biyu ta watan Oktoba, ƙarfe takwas na safe.