Ni na ajiye maganin da ya kashe Gwarzo

Ƙannena masu kiwon kare, ku ba ni aron kunnuwanku.

Gwarzo karen gadi ne, ja mai farin wuya, yana kwana bakin garken tumakin Babanmu can wajen Ƙofar Marusa. Ni na ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, ni ke jiƙa masa ƙanzo kullum da safe. Da ɓeraye suka addabe mu a ɗakin dusa, sai na sayo magani, na kwaɓa da kan busasshen kifi a murfin gwangwani, na fita ban ja ƙyaure ba. Gari na wayewa na tarar da murfin an lashe shi tas.

Na ɗura masa manja da madara, kamar yadda ake faɗa a unguwa. Ya wuni yana guje-gujensa, ya ci abinci, na ce Allah ya kiyaye. Ashe akwai maganin ɓera da ba ya kisa nan take. Jini yake hanawa daskarewa, alamarsa kuwa sai bayan kwana 3 zuwa 5. Rana ta huɗu na ɗaga leɓensa, dasashi fari fat, numfashi sama-sama, jini na ɗiga ta hanci. Likitan dabbobi ya ce da na kawo shi cikin awa 2 na farko, da an sa shi ya amayar. Ko bayan haka akwai makari, bitamin K1, da ake bayarwa na makonni. Manja ba ya tsinana komai. In ta same ku, ku ɗauki karen da kwalin maganin ku tafi a ranar, ko da kun ga yana wasa.

Da la'asar ya cika, kansa a kan ƙafata.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni. A garinmu wa zai yi kukan kare a gaban mutane? "Kare ne fa," abin da kowa ke cewa ke nan. Sai na haɗiye. Da aka fara raɗe-raɗin cewa wani maƙwabcinmu ne ya sa masa guba, na ji da kunnena, na yi shiru, don shirun ya rufa min asiri. Wata 3 ina kauce wa garken, ba na iya haɗa ido da bawan Allahn nan a masallaci.

Ranar da na gaya wa Baba, ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Na karen sakaci ne, ka nemi gafarar Allah. Na mutumin nan kuwa hakki ne, tashi ka je yanzu." Na je na durƙusa. Ya yafe, har da yi min jaje.

Nan na fara rarrabe abin da ya cunkushe min a ƙirji. Ƙyauren da ban ja ba, nawa ne, na ɗauka. Rashin sanin yadda gubar ke aiki, jahilci ne, yanzu na sani. Sauran kuwa kewa ce zalla, kuma ba abin kunya ba ce. Malaminmu na islamiyya ya tuna min hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ya kuma karanto min aya ta 18 a Suratul Kahfi, inda aka ambaci karen samarin kogo ya miƙe hannuwansa a bakin ƙofa. Ranar na yi kukan da na riƙe.

Ku nemi mutum ɗaya da ba zai yi muku dariya ba, ku faɗa masa komai, har ɓangaren da kuke jin nauyi. Kada kuma ku yi gaggawar ɗauko wani kare don toshe gurbi. Ni sai da na shekara. Wadda ke garken yanzu an yi mata allurar haukan kare tana da wata 3, ana sabuntawa duk shekara, ɗakin dusa kuma tarko nake ɗanawa.