Tsutsa a cikin ƙwanson kanikonna

A watan Afrilu na raka yayana asibiti a Kochi, jihar Kerala, kudancin Indiya. Da aka sallame shi ya dage sai mun leƙa birnin Kozhikode da ke arewacin jihar. Mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ko ɗago kai bai yi ba, watso mana canji ya yi. A Kano ko faɗa za a yi da kai sai an gaisa.

Tun daga tagar jirgi nake ganin wata bishiya ta yi ruwan ɗorawa shar, furanni na reto. Na ce wa Yaya wallahi ga margar garinmu! Dangi ɗaya ne kuwa. Su kanikonna suke ce mata, ita ce furen jiharsu, da ita suke ƙawata bikin Vishu na tsakiyar Afrilu.

Wani dattijo musulmi da muka haɗu a masallaci ya ja mu gidansa, ɗansa na yi mana tafinta. Shinkafa, kifi, shayi, ya hana mu taɓa aljihu. A tsakar gidan akwai bishiyar, ƙwansunan bara na lilo, baƙaƙe, tsawonsu ya kai kamu guda. Na ce, "Baba, me ake yi da waɗannan?" Ya tsinko ɗaya ya fasa. Ciki ɗaki-ɗaki ne, kowane da ƙwaya ɗaya da baƙin tsoka mai danƙo, maganin wankin ciki. Ya fasa na biyu, sai ga tsutsa ta cinye ƙwayoyin, ta bar gari da zare kamar yana. Daga waje ƙwanson lafiya lau, sai 'yar huda da ba ka gani sai ka ƙura ido. Ɗan, wanda ya karanci aikin gona, ya ce 'yar faɗa-wuta ce, masana na kiranta Trachylepidia fructicassiella. Abin ya tsaya min a rai, don a kasuwa na ga ana sayar da ƙwansunan ga masu neman magani, ba mai fasawa ya duba. Ni dai ba zan saya a rufe ba.

Shayi a can araha ne, amma masu keke na ganin baƙo sai mita ta lalace.

Muka koma Kochi da dare. Washegari jirgi, zaman jira mai tsawo a Doha, sai gida.