Gidan hutu a bakin teku, rumfa ce gidan

In Allah ya hore min fili a Ada Foah, can gabashin Accra inda kogin Volta yake shiga teku, wallahi ba zan kashe kuɗina a kan falo ba. Falon me? Kun kwaso yara tun daga gida lokacin dogon hutu, watan Agusta da garin ke sanyi-sanyi, sannan ku zo ku kulle kanku cikin ɗaki kuna kallon talabijin? Rumfa zan yi babba mai fuskantar ruwa, ta fi ɗakunan kwana faɗi, a nan za a ci abinci a yi sallah a shimfiɗa tabarma a yi hira har dare, ɗakuna kuma ƙanana sun isa tunda barci ne kawai, gado da gidan sauro shi ke nan.

Abin da mu 'yan Arewa ba mu saba da shi ba shi ne gishiri. Iskar teku tana ɗauke da shi kuma cin ƙarfe take yi ba wasa, kwanon rufi, ƙusa, makulli, ƙarafen taga, har injin sanyaya ɗaki, duk sai ka ga tsatsa ta kama su tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa ni katako zan bi, irin odum ɗin nan da gara ba ta cika yi masa komai ba, tagogi masu faɗi suna kallon juna don iskar da ke tasowa daga teku da rana ta shiga ta nan ta fita ta can. Rumfar kuma rufin ciyawa ko ganyen kwakwa kamar yadda masunta ke yi, eh ana canza shi lokaci-lokaci amma sanyinsa daban ne.

Tsakar gida dai dole, da shinge mai tsayi, don Hajiya da 'yan mata su sake su sha iska ba idon masu wucewa. Madafa a waje saboda gashin kifi da hayaƙi. Sai famfo a bakin ƙofa, a wanke yashin ƙafa a yi alwala, da tanki na tarar ruwan sama don rijiyar bakin teku sau da yawa ruwanta zartsi ne.

Kuma don Allah kar kwaɗayin kallon ruwa ya sa mutum ya kafa gini dab da gaɓa. Tekun nan cin ƙasa yake, a je garin Keta da ke can gaba a wannan gaɓar a ga yadda ya cinye ɓangaren tsohuwar ganuwar Turawa ta Prinzenstein. A ja baya sosai, a ɗaga ginin sama kaɗan, a sa ƙyaure mai sakata tsakanin gida da ruwa saboda igiyar ruwan wajen tana jan babba ma balle yaro.