Yadda aka mayar da ƙwai cikin mahaifata

Kafin mu kai ga dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, ƙanwata ta taɓa zaunar da ni ta ce, "Yaya, in mahaifarki ce matsalar, a sa a tawa, in haifa miki." Na ji daɗin maganar har na yi hawaye, amma da maigida ya tambayi malaminmu a Ƙofar Ƙaura, sai ya ce aron mahaifa bai halatta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, daga baya a 1985 ta janye. Abin da aka amince da shi shi ne ƙwan mace da maniyyin mijinta, a mahaifarta, igiyar aure na nan. Likita kuma ya duba ya ce mahaifata lafiya lau, bututun ƙwai ne suka toshe.

A wani asibitin kuɗi a Abuja aka yi. Wahalar duk tana kafin ranar mayar da ƙwan: allurai a fatar ciki kullum, hoton ciki a kai a kai ana auna kaurin bangon mahaifa har ya wuce milimita 7, sannan a sa ki barci a zuƙo ƙwai. Mayarwar ita ce mafi sauƙi, ba wuƙa ba ɗinki.

An hana ni turare ranar, mu da ko ƙofar gida ba ma fita sai an turara humra. Aka ce in sha ruwa in riƙe fitsari, don sai mafitsara ta cika hoton mahaifa yake fita sosai. Wallahi wannan matsuwar ta fi komai damuna, ga nas tana danna na'urar hoto a kan marata. Mai kula da ƙwan ta leƙo ta taga, ta sa na faɗi sunana da na mijina, sannan ta nuna mini shi a allo, ɗan tayi mai kwana 5, kamar ƙwayar gero da aka jiƙa. Likita ya zura siririn bututu ta bakin mahaifa, ya ce, "Hajiya, kalli nan," na ga wani ɗan farin ɗigo ya bayyana. Aka mayar da bututun ɗakin gwaji aka tabbatar bai maƙale a ciki ba. Ko minti 15 ba a yi ba.

Maigida ya so a sa biyu ko a samu 'yan biyu. Likitan ya ce tagwaye na jawo hawan jini da bakwaini, ɗaya ya isa, sauran aka daskarar da su.

Da muka dawo gida Inna ta ce kada in ko sunkuya, sallah ma a zaune. Likita kuwa cewa ya yi in yi fitsarina, in yi harkokina, kwanciya ba ta ƙara wa ƙwai kamawa. Abu mai nauyi kawai zan bari. Maganin matsi na progesterone, wanda ke taimaka wa mahaifa ta riƙe ciki, shi ne ba a wasa da lokacinsa. Shi ke kawo ciwon nono da kumburin ciki, ki rantse ciki ne ya shiga, don haka kada ki yarda da alamu, kuma ki haƙura da gwajin fitsari na kemis har kusan sati biyu a ɗebi jini.

Nawa ya nuna ya kama. Yanzu a nan Katsina nake awo, kuma an ce in ci gaba da matsin har ciki ya kusa wata uku.