Alƙalin Sifen ba ya yanke hukunci

Duk wanda ya sauka Sifen da niyyar zama, abin da zai fara bi shi ne rajistar mazauni a ofishin hukumar gari, wadda suke kira padrón. Sai da ita ake samun katin asibiti, sai da ita yaro ke shiga makaranta cikin sauƙi. A layin wannan ofishi a Granada na riƙa jin ana cewa alcalde, alcalde. Kunnena ya tashi, na ce wa dattijon da ya rako ni, "Baba, kotu ka kawo ni?" Ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka yaro, magajin gari suke nufi."

Ashe alcalde ɗinsu da alƙalinmu uwarsu ɗaya, wato al-ƙadi na Larabci. Musulmi sun shigo ƙasar a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, mulkinsu bai ƙare ba sai da Granada ta faɗi a 1492. Sun tafi, kalmominsu sun zauna daram. Kuɗin haya alquiler ne, kwastan aduana, magini albañil, kuma ko wanda bai taɓa shiga masallaci ba in yana fatan abu sai ya ce ojalá, wadda asalinta "in Allah ya so" ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mu da su muka haɗiye "al" ɗin Larabawa tare da kalmar, kamar jikinta ne: alƙalami, aljihu, almakashi. Mu har mun fi su ɓarna, don mun gutsure shi a littafi, labari, lokaci da liman, har Balarabe ba ya gane kayansa.

Yanzu a wurin ginin da nake lebura (ita ma aro ce, daga Turanci, kamar birkila) sai ka ji ɗan'uwa yana cewa, "Jefe ya ce a kawo papeles gobe." Jefe maigidan aiki ke nan. Akwai masu faɗan cewa muna gurɓata Hausa. Ni dai ban ga laifin ba. Mutum yana aron kalma ne daga bakin wanda ke riƙe da aikinsa da takardunsa, kuma in ka ce "takardu" a nan, sai an tambaye ka waɗanne, amma papeles kowa ya san izinin zama ake nufi.